Kati Na Huɗu A Hannun Baba

Salamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar labarina. Masu turo saƙo suna cewa na yi ɓatan dabo, ku yi haƙuri, wallahi ba jan aji ba ne, hannuna ne ya ƙi rubutu. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sunana Mubina, shekarata ashirin da huɗu, a Makka aka haife ni. A unguwar Ka'akiyya muke zaune, ni da Umma da Baba, hawa na biyu a wani tsohon bene da matakalarsa ke ƙamshin girkin gida shida. Ranar Talatar da zan ba ku labarinta, saura kwana goma sha tara a ɗaura min aure da Falalu, abin da a nan muke kira milka. Yau ban san ko saura nawa ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba, domin shi kansa Falalun a lokacin ban faɗa masa ba. Wata bakwai ke nan Baba ya fara mantuwa. Da farko mukullin gida ne, muka yi ta dariya. Sai ya zama ya yi sallar Azahar ya sake tashi zai yi alwalarta. Ranar da ya fita sayen burodi aka tsinto shi a bakin titi yana tambayar hanyar gidan da ya shekara talatin a ciki, ranar dariya ta ƙare. Muka kai shi wajen wani likita a unguwar Shisha. Likitan ya sa Baba ya jira a waje, ya gaya mana ni da Umma cewa ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. A taksi Baba ya tambaye mu me aka ce, Umma ta ce, "Jininka ne ya ɗan hau, Malam." Daga ranar muke ba shi magani da sunan na hawan jini.

Ni ma a ranar ta kafa min doka. "Ko a mafarki kada yaron nan ya ji," in ji ta. "Uwarsa Hajiya Ɗaso kin san bakinta, cewa za ta yi gado ne, jikokinta take ji wa tsoro. Kuma in magana ta kai kunnen mai ɗaura aure, ba zai karɓi waliyyin da hankalinsa ke zuwa yana tafiya ba. Sai mu koma roƙon Baffanki Garba a Gusau, mutumin da ko gaisuwar Salla ba ya aiko mana. A yi milka tukuna, bayan nan duk abin da zai faru ya faru."

Ban yi musu ba. Na san wasunku za su zage ni a ƙasa, ku zaga, na riga ku. Gaskiyar magana tun lokacin ban cika jin komai ba. In ci abinci, in goge kaya, in amsa wa Falalu saƙon "ina kwana amaryata" da fuskar dariya, alhali fuskata ta gaske ko motsi ba ta yi ba.

To ranar Talata da hantsi ya turo saƙo: "Bayan La'asar zan biyo in gai da Baba. Na kwana biyu ban gan shi ba, kullum sai ki ce yana barci."

Na miƙa wa Umma wayar. Ta karanta, ta sake karantawa, ta zauna a bakin gado tana murza zoben hannunta.

"In muka sake hana shi zai yi zargi," ta ce. "Ki ce ya zo. Amma kada a bar su su yi hira. Hira ce ke tona shi." Can ta ce, "Ɗauko kartar nan a saman kwaba."

Na dube ta. Umman da ta shekara talatin tana yaƙi da kartar nan! Sau biyu tana jefa ta a kwandon shara Baba yana tsamowa.

"Me kike kallona? Ba ke kika ce in yana wasan nan sai ki rantse lafiyarsa ƙalau ba? Yalla, maza ɗauko."

Sai na ɗan yi muku bayanin wasan, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya faru ba. Sunansa foka. Baba ya koyo shi ne tun yana saurayi, wajen wasu 'yan Filifin da suka yi aikin gini tare a Jidda. Kafin masu wa'azi su taso min, a gidanmu ba a taɓa sa kuɗi ko halala ɗaya a ciki ba, da ƙwallon dabino muke yi, muna da su cike da gwangwanin madara, sun yi sumul saboda shafa. Kowa ana ba shi kati biyu ya ɓoye. Sai a shimfiɗa kati biyar a tsakiya na kowa da kowa, uku a tashin farko, sannan na huɗu, sannan na biyar. Bayan kowace shimfiɗa ko ka zuba ƙwallo, ko ka wuce, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara a kai, ko ka kife katinka ka haƙura. Irin wanda Baba yake yi mai ƙa'ida ne, ba ka zuba yadda ka ga dama. Da fari bibbiyu ake zubawa, da an buɗe kati na huɗu sai zubi ya ninka ya koma hurhuɗu.

A kan katin nan na huɗu Baba yake da karatu, har na haddace tun ina firamare. "Hannu mai kyau, ya binti 'yata, ko jaki ya riƙe shi zai ci. Mummuna kuwa kowa ya san ya yar. Gwani ana gane shi ne a hannun ba yabo ba fallasa, a kati na huɗu." Dokarsa ita ce, in kana riƙe da irin wannan hannun kuma abokin wasa ya wuce, to ka zuba. Kada ka bar shi ya ga kati na biyar a banza, wataƙila shi ne zai cece shi. In ya bi ka, a na biyar sai ka wuce a buɗe kati, ba ka yi asarar fiye da zubi ɗaya ba. Amma in ka zuba ya ƙara maka, ka kife nan take. "Wanda ya ƙara a lokacin da zubi ya yi tsada ba da wasa ya zo ba. Ka kife, ka sha shayinka." A tsawon rayuwata ban taɓa ganin ya karya wannan ba.

Shi ma Falalu ya san dokar. Bara, ranar shaufa, wato ranar da aka kawo shi ya gan ni a gaban iyayena, kunya ta hana shi magana, sai Baba ya jawo gwangwanin dabino ya ce zo in koya maka wani abu. Wata uku suka yi yana zuwa duk Juma'a Baba yana cinye shi. Shi mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, mutum ne mai lura, irin wanda zai shigo falo ya ce muku na'urarku za ta tsaya nan da sati biyu, kuma ta tsaya. Wannan ne muka manta, ni da Umma.

Aka yi La'asar. Na sa doguwar rigar atamfa ruwan toka, na ɗora abaya a kai, na yafa baƙin mayafi. Umma ta ce in sa kwalli, idona ya yi kama da na marar lafiya. Na sa. Ta turara falo, ta jera sambusa da dabino a faranti, ta cika fulas da shayi mai na'ana'a. Baba kuwa ta sa masa farar jallabiya sabuwar guga da hularsa ta Kano, ta tsaya a kansa tana maimaitawa kamar mai koya wa yaro karatu.

"Falalu ne zai zo. Falalu, mijin da Mubina za ta aura."

"Haba Batulu, na san Falalu mana," ya ce, har da ɗan fushi. "Yaron da ba ya iya ɓoye murna in ya samu kati mai kyau."

Umma ta kalle ni, wai in gani, yau ranar sa'a ce.

Ya iso da ledar lemo da inabi, cikin farar jallabiya shi ma, da ɗan tabon baƙin mai a gefen babban yatsansa da sabulu bai fitar ba. Ya durƙusa ya gai da Baba, ya gai da Umma ta bayan labule. Ni ya ce min, "Sannu da gida," yana kallon kafet. Kafin ya gama tambayar jiki Umma ta leƙo.

"Malam tun safe yake cigiyar abokin wasansa. Mubina, raba musu mana."

Falalu ya yi dariya. "Umma da kanta? Lallai yau akwai magana."

Na zauna gefen Baba, ɗan baya kaɗan, ina rabawa. Kuma wallahi da farko dabarar Umma ta yi aiki. Yatsun Baba suka tuna abin da kansa ya manta. Yana zubawa, yana kifewa, yana tsokana. "Kai dai har yanzu girarka ce ke tona ka." Ƙwallaye suka fara taruwa a gabansa. Na ji Umma ta koma kicin tana taɓa tukwane, alamar hankalinta ya kwanta. Ni ban ji daɗi ba, ban ji tsoro ba, ina dai rabawa.

Wajen rabo na goma ne. Yanzu Baba ba ya rufe katinsa sosai, don haka daga inda nake na hango takwas da bakwai. Na shimfiɗa ukun farko: shayib, wato sarki, da takwas, da uku. Baba ya haɗa takwas biyu ke nan, ga sarki a sama yana hararar su. Ba yabo ba fallasa. Falalu ya wuce, Baba ya zuba biyu, Falalu ya bi.

Na buɗe kati na huɗu, goma ce.

Falalu ya sake wucewa. Baba ya tura ƙwallo huɗu, daidai yadda ya koyar. A raina na ce madalla. Sai Falalu ya ɗan gyara zama, girar nan tasa ta ɗaga, ya tura takwas.

"Na ƙara, Baba."

Na riga na miƙa hannu zan kwashe katin Baba, don na san kifewa zai yi ya ɗauki kofin shayi. Bai kife ba. Ya tsaya yana kallon katin tsakiya, ya kalli na hannunsa, ya sake kallon na tsakiya. Na ga abin ya sauko masa a fuska. Duk wanda ya zauna da mai irin wannan ciwo ya san abin da nake nufi, idon yana nan a buɗe amma mutumin ya fita. Na taɓa gwiwarsa da tawa a hankali. Bai ji ba.

"Nawa ake zubawa?" ya ce.

"Huɗu za ka cika in za ka bi, Baba," in ji Falalu, yana murmushi, ya ɗauka tsokana ce. "Amma ai na san ba za ka bi ba."

Baba ya ɗebi ƙwallaye bai ƙirga ba, ya watsa a tsakiya, wasu suka gangara ƙarƙashin faranti.

"Na bi ka. Kai Mahmudu tun muna yara ƙarya ce da kai."

Mahmudu ƙanin Baba ne. Ya rasu shekara biyu kafin a haife ni.

Murmushin Falalu bai ɓace lokaci ɗaya ba, a hankali ya janye. Bai kalle ni ba, kuma rashin kallon ya fi min ciwo, ko in ce da ina jin ciwo da shi ne zai fi. Na ji ƙarar tukwane ta tsaya a kicin. Ba abin da ke motsi sai ruwan na'urar sanyi da ke ɗiga a roba.

"Raba mana, yarinya," Baba ya ce min. Yarinya, ba Mubina ba.

Na buɗe na biyar, biyu ce, ba ta taimaki kowa ba. Falalu ya daɗe yana kallon katinsa. Wanda ya ƙara a na huɗu zubawa yake a na biyar, kowa ya sani. Ya ce, "Na wuce." Baba ya baje takwas da bakwai ɗinsa a kafet yana dariya kamar ya ci gari. Falalu ya kife nasa, ya tura su cikin sauran, ya tattara ƙwallayen da hannu biyu ya kai gaban Baba, har waɗanda suka shige ƙarƙashin faranti ya zaƙulo.

"Ka kama ni, Baba. Ba ni da komai."

Ya shanye shayinsa, ya duba agogo, ya ce akwai wani aiki da ke jiransa a Shisha kafin Magariba. Ya yi wa Baba sallama hannu biyu, ya ɗaga murya ya yi wa Umma. Na raka shi bakin ƙofa kamar kullum. Yana sa takalmi na ce, "Ka gaida Hajiya." Ya ce, "Za ta ji." Ya sauka, ina jin takunsa har ƙasa, bai tsaya a kwanar matakala ya ɗago min hannu ba.

Da na dawo tattara karta, na san inda ya tura nasa, don ni na raba. Na ɗaga. Sarki da goma. Ya haɗa sarki biyu da goma biyu, ya fi Baba nesa ba kusa ba. Na mayar da su cikin kwali, na rufe gwangwani, na kwashe kofuna. Har na wanke su tas na kife.

Umma ta biyo ni kicin tana raɗa. "Ya gane? Mubina, magana nake miki. Ya gane?"

"Ban sani ba."

"Suna ne kawai ya kuskure, kowa yana kuskuren suna. Ni ma sau nawa nake kiranki da sunan Shifa 'yar Yayata? In ya tambaya ki ce maganin hawan jinin ne ke sa shi jiri. Kin ji ko? Kwana goma sha tara ne fa, ya binti. Ki rufa mana asiri."

Wayata ta yi ƙara a aljihun abaya. Na shiga ɗaki na tura ƙofa, saƙon Falalu ne.

"Tun yaushe?"

Haka kawai, ba sallama, ba amaryata. Na rubuta maganar jirin da Umma ta ce, har na kai ƙarshe, na goge. Ba tsoron Allah ne ya kama ni a lokacin ba, kada in yi muku ƙarya. Gajiya ce kawai. Na rubuta, "Wata bakwai."

Alamar nan ta an karanta saƙo ta koma shuɗiya nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Likita ya gani?"

"E. Ba ya warkewa."

"Duk ranakun da kika ce yana barci?"

"Wasu yana barcin."

"Na zauna ina tsokanar dattijo marar lafiya, Mubina. Na ƙara masa ina dariya. Ke kuma kina zaune kina raba mana."

Na karanta. Na nemi hawaye ban samu ba. Na rubuta "ka yi haƙuri", na ga ta yi ƙanƙanta, na tura a haka. Ya gani bai amsa ba.

Aka kira Magariba. Baba ya yi salla a gida, don yanzu ba ma barinsa ya tafi masallaci shi kaɗai. Na kai masa maganinsa da ruwa a falo. Yana zaune a kan darduma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, kuma da ya ɗago na ga ya dawo. Idonsa ne na da, wanda ke hango kati ta bayansa.

"Mubina, zauna."

Na zauna.

"Ɗazu yaron nan ya ƙara min a na huɗu."

"E, Baba."

"Na bi shi da takwas biyu." Ya nuna ƙirjinsa. "Ni."

Na sa masa ƙwayar maganin a tafin hannu, ya ci gaba.

"Kuma ya wuce a na biyar, ya ce ba shi da komai. Falalu bai iya ƙarya a wasa ba, ni na koya masa, na san iyakarsa. Me ke hannunsa? Na san kin duba."

"Sarki da goma."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya dubi ƙwayar maganin da ke tafin hannunsa, ya juya ta da yatsa.

"Ba a bar wa mai lafiya wasa. Tausayina ya ji." Ya ɗago. "Wannan ba na hawan jini ba ne, ko?"

Umma tana tsaye a bakin labule, ban san lokacin da ta zo ba. "Malam, don Allah..."

"Batulu, 'yata nake tambaya."

Na gaya masa. Yadda likita ya faɗa haka na faɗa, ban rage ba ban ƙara ba, da murya irin ta mai karanta takardar wani. Umma ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Baba bai yi salati da ƙarfi ba, bai yi faɗa ba. Ya haɗiye maganin ya sha ruwa, ya ajiye kofin a gefen darduma.

"Saura kwana nawa milkar?"

"Goma sha tara."

"Sun yi yawa," ya ce. "Ɗazu na kalle ki ban san ke wace ce ba, na tuna wannan sarai. Ba zan zauna gaban mai ɗaura aure ana raɗa min sunanki a kunne ba. Kira min yaron. Ni zan gaya masa da bakina, in ba shi haƙuri a kan abin da aka ɓoye masa. In har yanzu yana so, a ɗaura jibi, ina gane wadda nake bayarwa. In ba ya so, ya faɗa min ni, ba ke ba."

"Baba, ka bari zuwa gobe."

"Ba ni da tabbacin wanda zai tashi gobe a jikin nan. Kira shi yanzu."

Na danna lambar Falalu, na sa a bayyane yadda kowa zai ji. Baba ya mayar da hularsa, ya gyara wuyan jallabiya, ya miƙo hannu yana jiran in ba shi. Ta yi ta ƙara, ta yi ta ƙara, har ta katse. Na sake kira. A ƙara ta biyu aka kashe daga can, sai saƙo ya shigo.

"Ba yanzu ba, Mubina. Ina gaban Hajiya."

Na ɗago. Hannun Baba yana nan a miƙe.

"Ya ɗauka?" ya ce. "Yi sauri, ya binti, tun ina riƙe da abin da zan ce."